Ƙafa uku na fito da shago, maƙwabci ya ce hanya ce

Dan_Arkilla88
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana, kada a ƙara mini hawan jini.

Gidana yana can bayan Arkilla a nan Sakkwato, fili ne hamsin bisa ɗari da na saya shekara tara da suka wuce, na gina na tare. Yanzu albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, sai na ce bari in fasa katangar gaba in fitar da shago ɗaya, uwargida ta riƙa sayar da kayan masarufi. Matsalar ita ce tsakanin katanga da ɗakin baƙi ƙafa bakwai ne kawai, shago ba zai zauna ba. Birkila ya ce mu fito waje ƙafa uku, ai layin da faɗi. Muka haƙa, muka zuba kankare, bulo ya hau layi huɗu.

Sai maƙwabcina da muke fuskantar juna, dattijo ne, masallaci ɗaya muke sallah, ya zo ya ce in tsaya, wannan hanya ce. Na ce Alhaji, ƙofar gidana ce fa. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da jan fenti a jikin bulon, an rubuta in dakata in kawo takardar izinin gini.

Tambayata: ƙafa nawa doka ta ce a bari tsakanin gini da hanya? Kuma ƙofar gidan mutum ba tasa ba ce? Don shi kansa Alhajin yana da dakali da rumfar mota a waje, ba wanda ya ce masa uffan.

Abu_Safwan
Wa alaikumus salam. Kafin komai, wace takarda ke hannunka? Ta mai unguwa ce ko satifiket na gwamnati? Kuma akwai zanen safiyo?

Dan_Arkilla88
Takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu uku. Akwai kuma takardar rabon filaye ta asali da mai filin farko ya ba wanda ya sayar mini. Satifiket kam ban yi ba tukuna.

YarRunjinSambo
Hassada ce kawai. Da ka fito da dakali don su zauna su sha inuwa ba zai ce komai ba, don ya ji shago ne.

SafiyoSK
Malama a bi a hankali, ba kowace magana mai ɗaci ce hassada ba.

Dan_Arkilla, aikina ke nan, bari in raba maka abin gida biyu, don ka haɗa tambaya biyu wuri ɗaya. Akwai iyakar fili, akwai kuma tazarar gini. Iyaka ita ce inda turakun siminti huɗu suke, waɗanda aka kafa lokacin da aka yanka filayen. Duk abin da ke bayan turke ba naka ba ne, ko da taki ɗaya ne, ko da kai kake share shi kullum da safe. Tazara kuwa cikin filinka take: wurin da ya kamata ka bari fayau tsakanin katanga da jikin ɗaki, don iska da haske da wucewar ruwa, da kuma hana wuta tsallakawa daga gida zuwa gida.

Abin da aka fi koya wa masu zanen gidaje a ƙasar nan shi ne mita 6 a gaba, mita 3 a kowane gefe, mita 3 a baya. Amma kowace jiha da ƙa'idarta, kuma yakan bambanta da irin unguwa da girman titi, don haka adadin da ya hau kanka shi ne wanda hukumar tsara birane ta jiha za ta rubuta a kan filan ɗinka. Kai kuwa maganarka ta ma wuce ta tazara. In katangarka a kan iyaka take, to ƙafa ukun nan a kan hanya ka zuba su.

Birkila_Mabera
Injiniya, wanga lissahi naku a takarda ɗai shika zama. Mita 6 ƙahwa ashirin kenan fa. Mita 3 ƙahwa goma. Ɗauki hili hamsin bisa ɗari, ka cire goma dama goma hagu, saura talatin. To wanda ya sayi rabi, hamsin bisa hamsin, in ya cire ashirin gaba da goma baya mi ya rage mai? Talatin bisa ashirin. Mutum da mata biyu da ɗiya tara, ina za shi sa su? Shekara ashirin da biyu ina gini garin ga, ban taɓa gina ma talaka gidan da anka bar ƙahwa goma gehe ba. Katanga ita ce bangon ɗaki, shi ke nan.

SafiyoSK
Ban musa ba Malam. Lissafin nan ya fi dacewa da gidan da aka dasa a tsakiyar fili, fili ya kewaye shi, irin na unguwannin ma'aikata. Mu kuwa namu ginin akasin haka ne, ɗakuna ke kewaye fili, iska da haske daga tsakar gida suke zuwa. Wannan muhawara ce da mu kanmu muke yi a tsakaninmu. Amma ko an sassauta maka tazarar gefe, ba wanda zai sassauta maka hanya.

Tsoho_Kanwuri
Mu da munka tashi cikin gari, kusa ga Hubbare, ba mu san wani filan ba. Gida manne da gida tun zamanin kakanni. Akwai lungun da in anka yi rasuwa sai an karkata makara kahin ta hita. Amma dud da haka akwai doka, ba a rubuce ga allo ba, cikin kan mutane take. Ba ka sa indararo shi zuba gidan wani. Ba ka buɗe ƙohwa saitin ƙohwar wani. In za ka taɓa bangon da kunka haɗa, sai ka yi sallama ka gaya mai. Yaro, kai ka je ka gaya ma Alhajin kahin ka aza bulo?

Dan_Arkilla88
Gaskiya Baba ban je ba. Na ɗauka abin bai shafe shi ba tunda ba katanga muka haɗa ba.

Tsoho_Kanwuri
To nan ka hwara kuskure. Hanya kun haɗa ai.

Almajirin_Zaure
Abin da Baba ya faɗa ba al'ada ce kawai ba, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce wurin, a babin hukunce-hukunce, inda ya kawo "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, sannan ya ba da misali: kada mutum ya buɗe taga ta kusa da zai riƙa hango maƙwabcinsa, kada ya buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, kada ya yi haƙan da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Ku lura da wannan ƙarshen, ko da a cikin mallakarsa ne. To ina ga abin da yake wajenta?

Game da ƙofar gida kuwa, malaman Malikiyya sun ba mai gida haƙƙin amfani da ɗan filin da ke jikin katangarsa: ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kaya, ya fi kowa cancanta da wurin. Abin da ba su ba shi ba shi ne ya gine wurin ya shigar da shi gida har ya ƙuntata wa masu wucewa. Amfani daban, mallaka daban.

Sannan hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai. Ba ina cewa ɗan'uwa azzalumi ne ba, bai sani ba ne ya tambaya, Allah ya saka masa. Amma in filin mutum ɗaya ne ka san wanda za ka nemi yafiyarsa. Hanya fa, wa za ka bi ka roƙa?

BabanKhairat
Malam na ji ana cewa a Musulunci hanya kamu bakwai ce. Kamu bakwai bai kai mita huɗu ba. In layinsu ya fi haka ko bayan ya ci ƙafa uku, ai bai saɓa ba kenan?

Almajirin_Zaure
Hadisin ya inganta, daga Abu Huraira, cewa in an yi saɓani a kan hanya a sa faɗinta zira'i bakwai. Amma malamai sun yi bayani cewa wannan a kan hanyar da za a fitar sabuwa ne mutane suka kasa daidaitawa. Ba izini ba ne a je a rage wadda take da faɗi tun asali. Kuma an auna ne da abin hawan lokacin, raƙumi da kayansa. Yau tankar ruwa ce da tifar yashi.

UmmuHanan
Ni dai maganar tagar nan ce ta taɓa ni. Muna zaune a Gidan Igwai, wanda ke bayanmu ya ɗora bene ya sa tagogi biyu suna kallon tsakar gidanmu kai tsaye. Ya kuma zuba 'yan haya samari. Watan Afrilu, zafin Sakkwato da kowa ya sani, sama da digiri 40, ba wuta, amma ba ni da ikon in fito tsakar gidana in sha iska sai da hijabi har ƙasa. Wanki da hijabi, girki da hijabi, kamar ina tasha. Maigidan ya je ya same shi sau uku, amsarsa ɗaya ce, a cikin filinsa ya yi gini. Sai da aka kai magana gaban uban ƙasa sannan ya yarda ya toshe rabin tagogin daga ƙasa ya bar sama don iska. Wata bakwai aka yi ana wannan. Har yau matarsa ba ta amsa sallamata.

Don haka masu cewa kowa ya yi abin da ya ga dama a filinsa, ba a ɗora muku bene a ka ba ne.

YarRunjinSambo
Wannan kam an cuce ki Yaya. Amma shi Dan_Arkilla ba leƙen kowa zai yi ba, abinci yake nema wa iyalinsa. Ni abin da ke ba ni haushi, a bi manyan tituna a ga yadda masu hali suka fito da shaguna da matakala har bakin kwalta, ba jan fenti ba komai. Sai mai bulo layi huɗu.

Lauya_Karami
Hajiya, ko a kotu "wane ma ya yi" ba kariya ba ce. Iyakarta ta jawo wa wanen nasa jan fentin.

Bari in ƙara a kan abin da Safiyo ya ce, don akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kai da ni muke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 in satifiket ne. Filayen da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, kuma takan taimaka ƙwarai in rigima ta tashi, amma ba ita ce izinin gini ba. Ko satifiket ɗin kansa ba izinin gini ba ne. Wannan takarda ce dabam, daga masu tsara gari.

Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa ba za ka ɗauko adadin Abuja ko na Legas ka ce dole shi ne na Sakkwato ba.

Shawarata: kada ka ƙara bulo ko ɗaya, kada ka goge fentin. Ka je ofishin da kanka da takardunka kafin wa'adin da suka rubuta ya cika. Wanda ya je da ƙafarsa da wanda aka zo da katafila, ba magana ɗaya ake yi da su ba. Kuma ka sani, in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a ana biyan diyyar gini, amma ginin da aka aza a kan hanya ba izini, da wuya ka ga ko sisi.

Dan_Arkilla88
Barista na gode. Amma tsakani da Allah, shago ɗaya ma sai na nemi izini? Gidan gaba ɗaya ban nema ba lokacin da na gina, ba wanda ya zo.

Lauya_Karami
Kada ka maimaita wannan jimlar ta biyu da ƙarfi a ofis. 😄 Eh, ƙari a jikin gini yana buƙatar izini, kuma mai da wani sashe na gidan zama wurin kasuwanci canjin amfani ne, shi ma da nasa. Cewa ba a zo ba a da, ba ya nufin dokar ba ta nan. Lokacin unguwarku daji ce, yanzu gari ya cim muku.

Mai_Ruwa_Mabera
Ku zo Mabera watan Agusta ku ga ƙarshen "ƙafa uku kawai". Kowa ƙafa uku ya ce. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje don kada ta ci masa tsakar gida, na gaba ya cike ƙofarsa da ƙasa ya ɗaga ta don ruwa ya wuce gidan na ƙasa da shi. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar ciniki, inda ya saba bi nan zai bi, in ka toshe ya shigo ɗaki. Shekara uku a jere muna kwashe katifu muna ɗorawa a kan durom. Sai da aka zo aikin magudanar ruwa a layinmu sannan aka ga abin kunya, kusan kowa sai da aka yanke masa wani abu, har da masu zagin gwamnati a majalisa kullum.

Birkila_Mabera
Wanga gaskiya ne, ni kaina an yanke man dakali. Amma sokawe a waje ba mugunta ba ce ko yaushe. In ka haƙa ta ciki, motar kwasa ba ta kai wa gare ta, kuma ga rijiya tsakar gida. Mutane na gudun su haɗa masai da ruwan sha.

Nurse_Hauwa
Gudun haɗa su daidai ne, amma ku ga inda ake kai ta. Wata a layinmu murfinta ya rufta da yaro ɗan shekara huɗu, Allah ya sa ana kusa aka ciro shi. Tifa ce ta taka murfin ya tsage ba wanda ya kula. Ramin da ke kan hanya kowa ke takawa, mai shi kuma yana ciki ya rufe ƙofa.

Dan_NEPA
Tunda an zo maganar tazara bari in saka tawa, don ita ba ta jan fenti ba ce, ta rai ce. Dan_Arkilla, ɗaga kai ka duba, akwai wayar wuta a saman inda kake ginin? Ƙa'idar ƙasa ita ce babbar waya mai ƙarfin wuta 11kV ko 33kV a bar mata mita 5 da rabi kowane gefe. Mai 132kV mita 15 kowane gefe, mai 330kV mita 25. Mutane suna fito da shago ƙarƙashin waya, ranar da za a buga kwano ko a ɗaga rodi sai a ji salati. Babbar waya ba sai ka taɓa ta ba, in ka matso sosai tana iya tsallakowa ta same ka.

Dan_Arkilla88
Ƙaramar waya ce ta gidaje, kuma a ɗaya gefen take, gefen su Alhaji. Hasali ma turken wutar a cikin rumfar motarsa yake.

Dan_NEPA
To shi ma Alhajin a gaya masa, cikin ladabi.

Abu_Safwan
Ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tushen abin dillalan filaye ne da masu yanka gona. Mutum zai yanka gonar gado, a takarda ya nuna layi ƙafa talatin, in ya ga filaye sun yi kuɗi sai ya bi ya matse layin ya fitar da ƙarin fili biyu. Na san wanda aka sayar wa hanya sukutum a wajen Mana, ya gina har linta, sai waɗanda ke bayansa suka wayi gari ba mafita. Ya je neman dillalin, an ce ya tafi Umara. Wanda ya saya na uku ko na huɗu bai ma san inda turke yake ba, inda aka nuna masa da sanda nan ya sa katanga.

SafiyoSK
Kuma turakun ma ana tuge su. Na sha zuwa aiki in tarar an matsar da turke da daddare, simintin ma bai bushe ba. Shi ya sa muke cewa a yi zane mai lambobin na'ura, wanda ko an tuge turke za a iya mai da shi inda yake. Kuɗin safiyo bai kai kuɗin bulon da za a rushe ba.

Wani abin kuma ga masu saye a bakin manyan hanyoyin tarayya, irin hanyar Gusau ko ta Illela: haƙƙin hanya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi kowane gefe, wato ƙafa 150. Kwaltar da kake gani siririya ce, amma filin hanyar ya wuce ta nesa. Ranar da za a faɗaɗa, daga tsakiya za a ja igiya.

BabanKhairat
Mun yi nisa fa. Mutum ya tambayi ƙafa uku mun kai shi Illela. A taƙaice ya rushe ko kada ya rushe?

Hajiya_Mai_Atamfa
Ni ba zan ce rushe ko kar a rushe ba, amma ina da tambaya ga mazan nan. Shagon nan na matarsa ne. Duk wanda ya yi magana ya yi ta hanya da turke da waya, ba wanda ya ce to ita yaya za ta yi. Mace tana son ta nemi na kanta ba tare da ta fita kasuwa ba, wannan ai abin a taimaka ne. Ni da taga na fara. Taga ɗaya aka fasa mini a jikin zaure aka sa ƙarfe da ɗan katako, yara na miƙo kuɗi ina miƙa kaya. Shekara biyu a haka kafin na kama shago. Ɗana, me zai hana ka mai da ɗakin baƙin ya zama shagon? Baƙo nawa kake yi a shekara?

YarRunjinSambo
Hajiya kin gama magana. Ɗakin baƙin da daga Sallah sai Sallah.

Dan_Arkilla88
Hajiya, ƙanena ne ke kwana a ciki, yana karatu a jami'ar Danfodiyo. Amma zan duba.

Tsoho_Kanwuri
Ƙane shi koma zaure, mu nan munka kwana har munka yi aure. Ni dai abin da nika ce maka, kahin ohis, kahin lauya, ɗauki mutum guda mai girma cikin masallacinku ku tai gidan Alhajin bayan la'asar. Kada ka ɗauko zancen rumhwarshi. In ka ɗauko ta, kun zama biyu masu laihi suna tonon juna, unguwa ta samu abin kallo.

Dan_Gobir
Baba a gafarce ni, amma a nan ban bi ka ba. Me ya sa kullum ƙarami ne zai yi shiru? In hanya ce, hanya ce ga kowa. Ya rushe nasa, Alhaji ya cire rumfarsa, a yi adalci. In ba haka ba gobe wani zai ce ai Alhaji ma ya yi, kuma da gaskiyarsa. Irin wannan kawaicin ne ya sa layukanmu suka koma kamar hanjin kaza. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwa a Janairun 2021 ya san abin da wuta ke yi in ta samu abu manne da abu. Ranar da ta tashi a lungu motar kashe gobara ta tsaya a bakin layi ta kasa shiga, ba ruwanta da wane ne dattijo.

Almajirin_Zaure
Ku duka kuna da gaskiya, lokaci ne ya bambanta. A faɗa wa Alhaji, amma ba daga bakin wanda ake rigima da shi ba, kuma ba ranar ba. Liman ko mai unguwa ya fi dacewa. Kuma rumfar kwano da ake iya kwancewa da yamma ɗaya ba daidai take da kankare ba, ko da yake duka biyun sun tsaya a inda bai kamata ba.

Dan_Arkilla88
'Yan uwa ga yadda ake ciki. Jiya na ɗauko safiyo, ba na wannan zauren ba, wani ne abokin aikina ya haɗa mu. Mun tono turke biyu na gaba, ɗaya ma a ƙarƙashin kankaren da muka zuba yake. Katangata ta asali daidai kan iyaka take, ko inci ban ci ba, alhamdu lillahi. Ƙafa ukun kuwa hanya ce, ba makawa.

Abin da ya ba ni mamaki, a takardar rabon filaye layinmu ƙafa talatin ne. Da muka ja tef daga sabon bulona zuwa ƙafar rumfar Alhaji, ƙafa goma sha tara muka samu. Uku nawa ne, biyar na rumfarsa, sauran ukun kuma katangarsa ce da kanta ta fito, tun kafin ya sayi gidan. Ina jin shi ma bai sani ba.

Na bi shawarar Baba, mun je da na'ibin liman. Ban ce komai a kan rumfa ba. Alhaji ya rantse ba shi ya kai ƙara ba, ya ce shi damuwarsa in shago ya buɗe, masu babur da samari za su riƙa taruwa daura da ƙofarsa, ga 'yan mata a gidan. Wannan kuma ban taɓa kawo shi a raina ba.

UmmuHanan
Ka gani ko. Da ma ba ƙafa ukun ce ke cinsa ba.

YarRunjinSambo
To in ba shi ba ne wa ya kai ƙarar? Akwai munafuki a layin nan.

SafiyoSK
Ba dole sai an kai ƙara ba, suna zagayawa, sabon bulo a bakin hanya kuma ba ya ɓuya. Dan_Arkilla, ka adana zanen da ya yi maka, ka tafi da shi ofis, ka fara neman satifiket ɗinka da shi gaba ɗaya. Amma ka lura, ko ɗakin baƙin ka mayar shago, ƙofarsa in ta kalli ta Alhaji maganar da ya yi tana nan.

Dan_Gobir
Wato dai shi zai rushe uku, mai takwas ya zauna lafiya. Na ji.

Lauya_Karami
Takwas ɗin ma ranarsu na zuwa, ranar da za a zo yin kwalbati. Ni dai ban ce ya kai ƙarar kowa ba.

Dan_Arkilla88
Litinin zan je ofishin. Uwargida ta ce ita tagar Hajiya_Mai_Atamfa ta fi kwanta mata, a fasa ta gefen lungun da ba ya kallon kowa, ƙanena kuma ya ce ba inda za shi. Birkila_Mabera, bulon da aka riga aka ɗora layi huɗu, in an sauke a hankali zai sake amfani ko asara ce?

Birkila_Mabera
Kwana nawa da ɗora shi? In bai wuce sati biyu ba kuma ba a cika mai siminti ba, sa yaro shi bi da kurfi sannu, za ka tsira da fiye da rabi. Kankaren ƙasa kam sai dai haƙuri. Kuma kada ka ba wanda ya ce maka "layin da hwaɗi" aikin.